Sulalla Bakwai

Ƙarfe biyu saura na dare a Porto,
ruwan sama na zuba tun la'asar.
Bokitin da Graciete ta tara wa yoyo
yana ƙirga ɗigo, ni ina ƙirga daƙiƙa.
Shekara talatin ina gyaran agogon mutane,
ban taɓa ganin lokaci ya zura da gudu
irin na gwanjon nan ba.

Sulalla bakwai na azurfa a fuskar kwamfuta,
kowanne ya kai faifai,
da kan wani sarki mai doguwar haɓa
wanda ko sunansa sai da na bincika.
Na ce zan taya yuro ɗari biyu, in tashi.
Wani ya ɗora goma.
Ba suna, ba fuska,
lamba ce kawai: huɗu, huɗu, bakwai, ɗaya.

Na ɗora, ya ɗora.
Na ɗora, ya yi shiru har na fara murmushi,
ya ɗora.
Daga ɗari huɗu na daina ganin sulalla,
shi nake gani.
Na yi masa tumbi, na sa masa zoben zinare,
na zaunar da shi a Lisbon yana yi mini dariya.
Saura daƙiƙa shida,
yatsana ya buga ɗari tara da arba'in
bai yi shawara da ni ba.

An sallama.
Na ɗaga hannu sama, ni kaɗai a kicin,
bokiti ya ce ɗis.
Ɗari tara da arba'in:
kuɗin Amadeu mai gyaran rufi ke nan cif,
har da ladan yaronsa mai riƙe tsani.

Kwana tara ɗan gidan waya ya hawo tudunmu yana haki.
Ambulan ɗin bai kai takardar haraji nauyi ba.
Na zazzage su kan teburin aiki.
Ashe faifan nan maɓallan kwat ne.
Hancin sarki ya goge,
ɗaya da tabo a gefe kamar an ciza.

Na gangara bakin kogi wajen tsoho Firmino,
ina tafe ina roƙon su zama jabu
ko na sami wanda zan zaga.
Ya maƙala gilashi a ido, irin nawa,
ya aza su a sikeli,
ya ɗalle ɗaya da farce, ya saurari kukansa.
"Na gaske ne, Abílio, kwantar da hankalinka.
Ina da irinsu cike da gwangwanin biskit.
Ɗari uku, albarkacin zaman aji ɗaya."

Babu macuci a zancen nan.
Na duba gabas, na duba yamma,
sai ni a gilashin ƙofar shago.

Graciete ba ta yi faɗa ba,
da ta yi, da na sami sauƙi.
Ta juya ɗaya a tafin hannu, ta ce yana da kyau,
ta ɗauke bokiti, ta kawo babbar tukunya
wadda muke dafa kifin Kirsimeti.
Yanzu ɗigon ya sake murya,
ya yi kauri, yana isa har ɗakin kwana.

An ce da-na-sani ƙeya ce.
Tawa ba a baya take ba,
tana aljihun tebur, cikin leda, gida bakwai,
kullum na nemi sukudireba sai mun gaisa.

Jiya na mayar da su gwanjo.
Na ɗauki hoto kusa-kusa, yadda aka yi mini,
na karkata fitila ta inda tabon ba ya fitowa.
Yau da asuba mutum ɗaya ya taya:
huɗu, huɗu, bakwai, ɗaya.
Ɗari biyu da goma.
Sati uku yana barcinsa, rufinsa ba ya yoyo,
ya dawo daidai inda ya fara.

Na zuba shayi, na ja kujera,
ina jiran wani wawa ya kasa barci
ƙarfe biyu saura.