Ruwan Bana Ya Yi Ɗumi

Bana ruwan Paita ya yi ɗumi,
kifin tawada ya yi ƙaura kudu,
ko sallama bai yi wa kowa ba.
Babanmu Eleuterio ya tsoma hannu a teku da asuba,
ya ɗago, ya girgiza kai:
"Wannan ai ruwan wankan jariri ne,
wa zai zauna a ciki?"

A da kwana biyu ne, ya je ya dawo,
jirgi ya nutse har wuya don kaya.
Yanzu kwana goma sha ɗaya.
Mai na bashi, ƙanƙara ta bashi,
fitila tana ci bisa ruwa da tsakar dare,
tana kiran wanda ba ya gida.

Ni Zoraida, a rumfar fiɗa,
wuƙata ta kwanta har ta soma tsatsa,
amma tawadar bara tana nan ƙarƙashin farcena.

Can Lima akwai ƙanena Nilton,
shekara sha shida, siriri kamar sandar fatsa.
Sun sa masa 'yar shara mai na'ura tsakanin kafaɗu,
tana ƙirga takunsa kamar mai bin bashi.
Cikin yara shi ne zakara, ana tafa masa.
Sai aka ce, zo ka gwada da manya.

Ya kira ni a daren, murya a dishe:
"Yaya, ba nisan gudun ba ne.
Tsayawar ce. Ka ja birki, ka juya, ka sake fizga,
sau hamsin, sau sittin,
sannan wani magidanci mai 'ya'ya uku
ya sa maka kafaɗa,
ka ji kamar ƙyauren ƙarfe ya rufe a kanka."

Gwiwarsa ta hagu tana hawa bayan kowane wasa.
Yana shiga bahon ƙanƙara, haƙora na kaɗawa.
Na ce, kai ma an adana ka kamar kamun Baba.
Ya yi dariya,
sai kuma na ji shiru.
Likita ya ce ƙashinsa bai gama tsawo ba.
Koci ya ce Asabar ba ta jiran ƙashi.

Baba ya taɓa faɗa mana, yana wasa ƙugiya,
kifin nan shekara guda ce rabonsa, ko da 'yar ɗoriya.
Daga ƙwayar shinkafa sai ya doshi tsawon mutum,
ci da gudu, ci da gudu,
bai san zama ba har ya ƙare.
A lokacin hira ce kawai.
Yanzu in na tuna ina cin abinci
sai in ajiye cokali.

Mama ta kunna kyandir biyu gaban San Pedro,
ɗaya don ruwa ya huce,
ɗaya don gwiwa ta sace.
Ban san wanne ya fara mutuwa ba, iska ce ta shigo.

Ran Asabar aka sa shi, saura minti ashirin.
Muka taru a shagon Doña Felícita, kunne a rediyo.
Sau ɗaya aka ambace shi,
shi ma an karya sunan gidanmu.
Mama ta yi kuka duk da haka.

Talata Baba ya sauka da rabin kaya,
leɓe a tsage, gishiri a gira,
tafin hannu duk zanen igiya.
Na ba shi labari tun yana ɗaure jirgi.
Bai tambayi wa ya ci ba.
Ya ce, "Da ƙafarsa ya fita fili?"
Na ce, da ƙafarsa, yana ɗan ɗingishi.

Ya daɗe yana kallon kudu.
Sannan ya durƙusa a bakin gaɓa,
tasa gwiwar ta yi ƙara,
ya sake tsoma hannu.