Man Furen Almuru

Kwalbar ba ta kai tsawon babban yatsana ba.
Gambo direba ya taho da ita daga Kusiri,
a cuse cikin safa don gudun gargadar hanya.
Jaka uku da rabi, in ji shi, har da rantsuwa.
A jikinta hoton fure ruwan ɗorawa,
da rubutun Faransanci, sahun kiyashi.

Yagana ta karanta mana tana bin layi da farce:
wai furen ba ya buɗe ido sai almuru,
wai mansa ba ya toshe ƙofofin gashi,
wai kowace fata tasa ce.
Wai, wai, wai.
Na ce, Yagana, wai ba ta taɓa cika rumbu ba.

Ni fuskata tun ina 'yar sha uku
tandar waina ce.
Kafin azahar goshi ya yi naso,
hanci na ƙyalli kamar sabuwar tasa.
Ita kuwa, nono ɗaya muka sha,
amma kumatunta Mayo Kaliyaw ne da bazara,
yashi zalla, ko raɓa ba ya riƙewa.

Muka kai ƙara majema.

Baba na tsugune bakin rami,
hannuwa baƙi ƙirin da ruwan bagaruwa.
Bai san Faransanci ba. Ya sunsuna murfin,
ya jawo guntaye biyu daga tarin yanke-yanke,
na akuya da na tunkiya,
ya ɗiga wa kowanne ɗigo guda.
Ɗaya ya shanye kafin Baba ya gyara zama.
Ɗayan ya bar man a ƙofa
kamar baƙon da ba a amsa wa sallama ba.

"Shekara arba'in ina jima a Marwa," ya ce,
"ban ga fata biyu masu ƙishi ɗaya ba,
ko da awakin turke ɗaya ne.
Wanda ya rubuta kowace fata
bai taɓa kwana da warin nan a riga ba.
Sai dai taku mai rai ce, tana da baki.
Ku tambaye ta a bayan kunne,
inda ko ta yi fushi ba mai gani."

Dare uku muna tambaya.
Ba ƙaiƙayi, ba borin jini.

Yagana ta hau da shi kumatu.
Cikin mako biyu gautsin ya kwanta,
ta riƙa wucewa ta gaban madubi
ba tare da wani aike ba.

Ni ɗigo ɗaya nake yi, a kan damshin alwala,
fuska ta karɓa shiru.
Shirun ne ya ruɗe ni.
Na mai da ɗaya biyar,
na ɗora a kan tsohon basilin ɗina,
ranar Juma'a haɓata ta wayi gari da ƙuraje biyu,
jajaye, kamar masu karɓar haraji.

To wa zan kama?
Man, ko zarina,
ko zufar layin famfo a Domayo,
ko watan da ke zuwar mini da irin wannan tsaraba?
Kwalba ba ta ba da shaida.
Na koma ɗigo ɗaya, kwana bibbiyu,
ba mu ɓata ba, ba mu ƙulla aminci ba.

Wani lokaci da almuru, ƙarƙashin dalbejiya,
'yan acaɓa na kunna fitilu a kan gada,
nakan tuna furen can a ƙasar da ban sani ba
yana buɗewa daidai yanzu,
bai san Yagana ba, bai san ni ba,
bai yi wa kowa alkawari ba.

Man ya ƙare ana gobe azumi.
Kwalbar tana majema.
Baba na ajiye allurai a ciki.