Farar Masara a Dundee

Shekara shida ina aikin jinya a Dundee.
Kunnena ya saba da maganarsu,
ƙafata ta koyi taka ƙanƙara,
harshena ne kaɗai ya ƙi karɓar takardar zama.

Garin masararsu rawaya ne.
Na tuƙa shi wani daren Lahadi,
ya yi mini kallon baƙuwa, na yi masa kallon baƙo.
Na ce rashin uwa akan yi uwar ɗaki,
na haɗiye loma uku, na rufe tukunya.

A tashar bas na tsinci Hennie Labuschagne.
Ba fuskarsa na gane ba, tsakinsa na gane,
irin na Bloemfontein in mota ta makara.
Ya ce naman da ya rataya ya yi funfuna,
iskar garin nan ko hankici ba ta busarwa.
Ƙaton mutum mai jan gemu
yana ba ni labarin biltong
kamar mai sanar da rasuwa.

Ban gaya masa a ranar ba
cewa uwata ta shekara ashirin
a kicin ɗin masu irin sunansa,
kwanonta daban, kofinta na langa a bayan ƙofa.
Sai da muna fentin shago na faɗa.
Ya ajiye buroshi.
Ya fita cikin ruwan sama ya daɗe,
ya dawo da shayi a kofuna biyu, iri ɗaya.

Shagon na wani mai gyaran takalma ne da ya rasu,
har yau bango na warin fata.
Hennie ya haɗa akwatin katako,
ƙwan lantarki ɗaya, fankar tsohuwar kwamfuta,
ya ce ga iskar Karoo, in ji shi, a cikin akwati.
Ni na jera kwalaben amasi kusa da hita
ina leƙa su kamar masu naƙuda.

Rashieda ta zo daga baya, 'yar Athlone,
da faranti lulluɓe da tawul.
Nata koesister mai kirfa ne da kwakwa,
na Hennie kitsattse ne, yana ɗigar da ruwan sukari.
Wata takwas ke nan suna musu kan wanne ne na asali.
Duk Lahadi kowa na cinye na ɗan'uwansa.

Buhun farko ya kwana arba'in a hannun kwastan.
Ranar da ya iso na tsoma hannu har gwiwa,
fari sol,
na tsaya haka nan, na manta ana jirana.

Ranar buɗewa wani dattijo ya zo tun daga Aberdeen,
direban tirela, mutumin Polokwane.
Ya buɗe kwalbar acar ɗin mangwaro, ya shinshina,
ya juya mana baya yana karanta farashin sabulu.
Ba ma sayar da sabulu.
Muka ƙyale shi ya gama karatunsa.

Riba? Haya na cin rabinta, hita na cin saura.
Ina rufe shago in wuce aikin dare
da warin albasa a ƙarƙashin farar riga.

Siseko, ɗana, yana da shekara biyu muka zo.
Na zuba masa tuwon, na ɗora chakalaka,
ya taɓa da cokali, ya ce da muryar 'yan Dundee,
Mama, wannan ai ba ya da ɗanɗano,
akwai soyayyen dankali?
Na soya masa. Me zan ce?

Ƙarfe ɗayan dare na ji motsi a kicin.
Na sauko ba takalmi, ban kunna fitila ba.
Ga shi tsaye a hasken firij,
tukunyar a rungume,
yana kankare ƙanzo da farce.