Guguwa a Mayo Kaliyawo

Jikana Ɗantala ya dawo daga lakwal,
littafi a hammata, ƙafa duk rairayi,
ya ce, Kaka, an ce kowa ya kawo
ma'anar kalma guda a harshen gidansu.
Ni na zaɓi guguwa.

Na ce, riƙe mini bakin zanen nan tukuna.
Shekara talatin ina shanya a yashin nan na Marwa,
ni da ita mun san juna.

Ba kowace iska ce ita ba.
Wadda ke kaɗa ganyen dalbejiya iska ce kawai.
Mai baƙar fuska daga gabas hadari ne, da ruwa yake tafe.
Holoƙo kuwa maƙaryaci, hadarin kaka,
ya cika baki ya wuce, ko ɗigo babu.
Ita ba ta alkawari.
Sai rana ta take tsaka tana dukan ƙeya
ta miƙe a kan ƙafa ɗaya,
ta hau juyi kamar mazari a hannun tsohuwa,
ta kwashi leda da ɓawon albasa ta yi sama.

Bara ta sure rigar Alhaji Hammajoda,
shadda mai aska takwas.
Na bi ta ba takalmi har gadar Funange,
na tarar ta rataye ta a kan ƙaya.
Wata biyu ina masa wanki kyauta.
Maƙwabcina Bafillace ya ce sunanta duluru.
Na ce, ko me sunanta, riga dai ta yage.

Manya sun ce da mutanen ɓoye a cikinta.
Ban gani ba, amma ina a'uziyya.

Mutum ma akan kira shi da ita.
Kakarka Ladidi, Allah ya jiƙanta,
in ta shigo gida da fushi
kaji ma neman maɓoya suke,
kafin ka ce me, ta lafa tana dariya.
Akan ce guguwar zaɓe, guguwar tsadar gero,
duk abin da ya zo a juye,
ya ɗaga mara nauyi, ya bar dutse inda yake.

Yaro ya lashi fensir ya rubuta:
iska mai juyawa.
Duk bayanin nan, kalma uku!

Ban gama mita ba na hango ta can wajen mahauta,
ja, doguwa, tana taho mana.
Na ce, bar littafin,
kwanta a kan kayan mutane!