Gilashi Huɗu

Ni mai yankan gilashi ne a kasuwar Al-Ubayyid.
Kakana ya nufi Makka da ƙafa, nan guzuri ya ƙare masa,
nan muka yi saiwa.
Rumfata tana tsakanin mai ƙaro da mai zoɓorodo.

Sau huɗu hoton Rozalina Koshe ya shigo hannunmu.

Na farko ina yaro, ubana ke riƙe da abin yanka.
Ta gangaro daga duwatsun Nuba a kan buhunan dawa,
hoton a ƙirjinta cikin tsumma,
wani rami a hanyar Dilling ya raba gilashin gida biyu.
Maryamu ce da jariri, mayafi shuɗi,
takarda dai, irin ta kalanda,
wani fada ya ba ta ranar baftisma.
Ubana ya auna da zare, ya kau da ido, ya yanka.
Ta biya da gyaɗa.

Na biyu shekarar fari.
Mijinta ya buga shi da ƙasa
daren da ƙyanda ta ɗauke 'yarsu.
Ta zo da tarwatse a ƙwarya, yatsunta duk yanka.
Ta ce, ba da ita yake ba,
ya rasa wanda zai yi wa faɗa ne,
ita kuwa ta saba, an taɓa kashe mata ɗa.

Na uku bai fashe ba.
Kunkunniyar kyandir ce ta cinye shi har ba a ganin jaririn.
Tiya ya tafi soja, ko takalminsa bai dawo ba.
Wata bakwai, in ji ta, na juya fuskarta ga bango,
na rataye carbi a ƙusa, ba na ko gaishe ta.
Na ce, yanzu fa?
Ta ce, gaba muka yi, mun shirya.
Wa ya fara magana?
Ta ce, ni mana, ita ai jira ta iya.

Ran nan bakina ya kuɓuce.
Na ce, Iya, takarda kike durƙusa wa?
Ta yi dariya har da tari.
Kai da gilashi ke ci da kai,
ka taɓa ganin wanda ya tsaya kallon taga?
Ta cikinta ake leƙe.
Ban amsa ba. Na goge, na manna, na buga ƙusa huɗu,
ɗaya ta lanƙwashe.

Bayan nan sai labari.
Wai idanunta sun tafi,
wai kullum kafin ƙararrawar coci takan lallaba bango
ta ɗora yatsa uku a kansa, ta jero sunaye:
na matattu, na masu rai, na maƙwabcin da ya ci mata iyaka.
Wai akwai nawa.

Na huɗu jikarta Anjelina ce ta kawo,
sati biyu da binnewa.
Rugugin bindiga ya kakkaɓo shi daga bango.
Na zare takardar a hankali.
Rana ta sha shuɗin nan tas,
fuskar ta koma kamar tabon shayi,
jaririn sai an sani.
Yarinyar ta ce sun so saya mata sabo, ta ƙi,
wai tare suka tsufa,
wannan ta koɗe, wannan ta makance,
ba mai gorin wani.

Na yanka. Ban karɓi kuɗi ba.

Ni alƙiblata tana nan inda kakana ya bar ta.
Amma a cikin tarwatsen akwai wani ɓallin
da maiƙon yatsa ya dusashe,
wuri uku, kusa da juna.
Ban zubar ba.
Yana cikin gwangwanin ƙusa.

Ladan ya kira la'asar.
Na yi alwala, na daɗe a sujada,
har mai zoɓorodo ya leƙo ya ga ko lafiya.