Masu Son Inuwa

Bayan ɗakina akwai mangwaro,
Baba ya dasa shi shekarar da aka haƙa rijiyar unguwa.
Yau ya yi kai, ya tare kusurwar gida.
Rana kan leƙo da hantsi,
ta ga ba wurin zama, ta kama wucewa.

Damina uku ina roƙon wurin nan fure.
Na sa lalle don ƙamshi, ya miƙe siriri
kamar mai leƙen katanga, ya ƙi hudowa.
Na sa zoɓo, ganye huɗu ya yi, ya kwanta.
Na zuba takin awaki, na bi da toka,
na yi ban ruwa har guga ya gaji da zuwa.

Ran kasuwar Shuwarin na je sayen gatari.
A bakin hanya na tarar da Cindo mai lambu,
yana jera dashe a ledojin ruwa.
Na kai ƙarar ƙasata. Ya ce,
"Ƙasa ba ta yi maka laifi ba, Barau.
Baƙi ka gayyato masu son fili,
ka kai su ƙuryar ɗaki, kana mamakin ramewa.
Kowane tsiro da inda yake sakewa."

Ya ba ni kan gadali biyu,
da moda mai ganye kamar takobi,
da saiwar citta, ya ce kusa da randa,
inda ruwan alwala ke gangarewa.
"Kada ka matsa musu. Ba su san sauri ba."
Kuɗin gatarin nan suka tsaya.
Na dawo Kiyawa da laka a aljihu, ina ta ƙiyastawa.

Shiru. Wata guda, shiru.

Sai wata safiya Tambai, autata,
wadda ko a gidan suna bayan ƙyaure take tsayawa,
ta ja hannun rigata ba magana.
Can gindin bango, inda fartanyata ta manta,
balasana ce ta buɗe ido,
shuɗi ƙarami, bai kai farcen yatsa ba,
shuɗin da ko marina ba ta iya rinawa.

Shekara uku ina cire ta da sunan ciyawa.

Na tsuguna. Raɓa ta jiƙa min gwiwa.
Kafin azahar furen ya rufe, bai yi sallama ba,
gobe wani ya fito a madadinsa.
Gadali kuwa sai da ruwa ya zauna
ya ɗago fari mai jan zane, sau ɗaya tak.
Moda har yau tana tunani.

Yanzu da la'asar nan nake shimfiɗa tabarma.
Tambai na ba tsirranta labari ƙasa-ƙasa,
ni kuwa na koyi rage murya
in ji abin da ake faɗa a inuwa.