Bangon Nomau

A Bagalam, jikin bangon shagon Nomau
mai rubuta lambar kabu-kabu,
ranar da aiki ya yi ƙasa ya zana wani abu:
mutum guda, ya ba mu baya,
gabansa shuɗi shimfiɗe,
can gefe ɗigon ja, kamar an tofar da goro.

Bai sa masa suna ba.
Ya wanke buroshi, ya tafi azahar.

Iya Habsu ta sauke tiren ƙuli-ƙuli,
ta ce, "Gulbi ne, shekarar da ya ci gidaje,
kakata ta ba ni labari.
Jan nan akuyarsu ce ruwa ke ja,
shi ko ya tsaya, bai iya iyo ba."

Tsahiru bai ko kashe babur ba.
"Wane Gulbi, Iya? Gulbi ja yake zuwa.
Wannan sama ce a bayan Agadas,
jan nan wutar motar da ta bar shi.
Na san tsayuwar nan. Na yi ta."
Ya murɗa, ya bar mu da hayaƙi.

Laure ƴar lakwal, alli a yatsu,
ta ce ai mace ce, ku dubi wuyan,
dariya take yi,
ta juya don kar a gani.

Aka kira mai zane.
Ya fito yana sakace, ya ce,
"Shuɗin ragowar fentin ƙofar wani ne,
jan kuwa gwangwani ya suɓuce mini.
Fuska ce ban iya ba, sai na juya shi."

Shiru.
Iya ta ɗauki tirenta:
"Yaro ne, bai san abin da ya zana ba."

Ni ban tanka ba.
Amma kullum in na taso kasuwa
nakan rage sauri daidai bangon,
don kafaɗar hagu ta ɗan karkace
irin ta wana Arzika in ya gaji da huɗar gyaɗa,
shi da muka kai makwanci damina uku ke nan.
Jira nake ya waiwayo.

Bana ruwa ya fara wanke jan.
Iya ta ce akuyar ta haye.
Tsahiru ya ce motar ta yi nisa.
Nomau ya ce zai shafe, ya sa tallan shinkafa.
Na ba shi jika biyu,
na ce ya bari sai baɗi.